Littafi a kunnen Baba: yadda aikin ke tafiya

Alhamis, 9 ga Janairu 2025

Yau na fara aikin haɗa wa Baba littattafan saurare a waya, kuma zan riƙa rubutawa don kar in manta abin da na gwada da abin da ya ƙi. Baba ya yi shekara 34 yana mushen lekol, wato malamin makaranta, daga Tanut zuwa Gure zuwa Magarya, kafin ya yi ritaya ya dawo gidanmu na unguwar Birni, nan Zinder, wato Damagaram. Tun tasowata ban san shi hannu rabbana ba, in ba littafi to jarida. Hawan jinin ido ya ci masa gani sannu a hankali, kuma tun bara likita ya gaya mana gaskiya: abin da ya tafi ya tafi, ɗigon magani ragowar kawai yake tsarewa. Jiya na iske shi a zaure ya kai wani tsohon littafin tarihi har kan hanci, yana karkata shi wajen hasken ƙofa. Da ya ji motsina sai ya rufe, wai ƙura yake kaɗe masa. Hunturu ake, ƙurar kuwa akwai ta, sai na yi kamar na yarda.

Rediyo yana da ita, amma rediyo ita ke zaɓa wa mutum abin da zai ji da lokacin da zai ji shi. Mai karatu ya saba ya tsaya inda ya so, ya koma baya, ya yi gardama da marubuci. Shi ya sa na shiga Kasuwar Dole na sayo waya Android ta hannu, da memori mai giga 32, da ƴar sifika ta Bluetooth mai manyan maɓallai da yatsa ke ganewa ba sai ido ba. Doka guda na kafa wa kaina: Baba ba zai kalli fuskar wayar nan ba. Duk dabarar da za ta sa shi laluben wani ɗan rubutu a kan gilashi, na soke ta tun kafin in gwada.

Lahadi, 12 ga Janairu

Kwana uku ina neman abin da zan zuba a memori. Audible, wadda Amazon ta saya a 2008, ita kowa ke fara ambata, amma an gina ta ne don mai katin banki da ke biya wata-wata, ni kuwa ba a nan nake ba. Wadda ta dace da aljihuna ita ce LibriVox. Tun 2005 masu sa-kai ke karanta tsofaffin littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, suna ajiyewa kyauta, kuma akwai na Faransanci da dama. Akwai kuma Littérature audio, ita gaba ɗaya ta Faransanci ce. Shawarata ga mai shiga irin waɗannan rumbuna: kar ka sauke littafi sai ka saurari minti biyu na babin farko da minti biyu na wani babi a tsakiya. Wani littafin mutum goma ne suka raba shi babi-babi, ka saba da muryar wani dattijo mai natsuwa, sai ka wayi gari wani yana karatu kamar an biyo shi da sanda. Ga tsoho, a nemi wanda murya ɗaya ta karanta daga fari har ƙarshe.

Ga lissafin forfe, wato megan intanet da ake saye, tunda lissafi nake koyarwa: sauti mai kilobit 64 a daƙiƙa yana cin kusan mega 29 a awa guda. Littafin awa 10 bai kai mega 300 ba. Mai kilobit 128 ninki biyu yake ci, kuma a ƴar sifikar nan ba kunnen da zai bambance su. Ƙarami nake ɗauka, da tsakar dare, lokacin da rezo ya sarara.

Manhajar saurare kuma Smart AudioBook Player na sa. Abin kunna waƙa da ke zuwa da waya bai san littafi ba, kana kashewa ya manta inda ka tsaya. Ita wannan tana riƙe wurin kowane littafi daban, in aka tsayar da ita aka dawo tana ɗan ja da baya kaɗan don zaren maganar ya haɗu, kuma ana sa mata lokacin da za ta yi shiru da kanta in barci ya sace mai saurare. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ke rantsuwa bai taɓa gyangyaɗi ba.

Alhamis, 23 ga Janairu

Da gangan na fara masa da Jules Verne, littafinsa na 1863 a kan Turawa uku da suka tashi daga Zanzibar cikin balan-balan mai ɗaukar mutane, suka ratsa Afirka cikin mako biyar. Ban gaya masa dalili ba. Kwana goma yana saurare bayan la'asar, yana tsaki duk inda aka siffanta baƙar fata kamar namun daji, kuma wuraren suna da yawa, duk mai niyyar sa wa yaro wannan littafi ya san da haka. Sau biyu ya ce in cire masa shi, sau biyu ya ce bari dai ya ji ko za su faɗo.

Yau na dawo daga aiki, tun ban kafe moto ba na ji yana ƙwala mini kira.

“Kai, zo nan. Mayar da ita baya.”

Na danna masa maɓallin. Sun wuce Tafkin Cadi, iska na tura su yamma, sai ga sunan Zinder daga bakin mai karatu. Daga sama wai sun gane garin da wani makeken fili na kisa, da itacen mutuwa a tsakiyarsa, duk wanda ya bi ta inuwarsa a rataye shi. Layi biyu ko uku ne, balan-balan ta yi gaba.

Baba ya sa na maimaita har sau uku. Sannan ya gyara zama, na ga mushen da ya dawo. Ya ce mutumin nan ko ƙofar Damagaram bai taɓa gani ba, a ɗakinsa na Faransa ya zauna ya kwashe daga rubutun matafiya. James Richardson, Baturen Ingila, ya sauka garin nan a farkon 1851, ya rasu a hanyar Kukawa cikin shekarar. Heinrich Barth, Bajamushe, ya zo a ƙarshen 1852. “Su sun ga ganuwa, sun ga fatake, sun ga majema, sun ga malamai. Shi da ya tashi tsinta, itacen rataya kawai ya tsinta.” Daga nan ya gangara kan kisan Kyaftin Cazemajou, hafsan sojan Faransa, a garin nan a 1898, ya hau kan yadda aka ɗauke babban birnin mulkin mallaka daga nan aka kai Yamai a 1926, har aka kira magariba bai sauka ba. Inna ta leƙo daga tsakar gida ta ce rabon da ta ji shi yana wannan faɗa tun kafin idon ya tsananta.

Na rubuta a gefen takarda: littafin da zai yi wa Baba shi ne wanda zai ba shi abokin gardama. Na soke labaran soyayyar Faransa guda biyu da na sauke, na shiga neman labaran tafiye-tafiye da tarihi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Saura a raba shi da kirana duk sanda zai kunna. Mai Samsung yana da abin tsara ayyuka a cikin wayarsa tun daga kamfani, mai iPhone yana da Raccourcis. Tamu ba ko ɗaya, sai na sa MacroDroid. Tsarinta bai da wuya: kowane umarni ƙafa uku gare shi, abin da zai tayar da shi, aikin da zai yi, da sharaɗin da zai hana shi ko ya bar shi. Ta kyauta umarni biyar take ba mutum, kuma na ga alherin wannan iyaka, don ta sa na zauna na tambayi kaina me Baba ke bukata da gaske.

Na farko shi ne uwar sauran: da zarar sifika ta haɗu da waya, littafi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ke nan Baba maɓalli guda ya sani a duniya, na kunna sifika, wayar kuwa ko tana ƙarƙashin matashi ba ruwansa. Na biyu, in an kira shi ta faɗi sunan mai kira da murya. Na uku, in batir ya sauko kashi 20 ta yi magana. Na huɗu na ɗigon ido ne, ƙarfe 9 na dare, kuma ban bar wa na'ura faɗarsa ba. Ɗiyata ta fari, mai shekara 13, na ɗauki muryarta tana cewa: “Angona, a ɗiga magani, kar ka makance ka kasa ganin kwalliyata.” Ya yi dariya har da tari, ya ce ya saki wannan amarya saki uku, ba ta da ladabi. Na biyar, in ya girgiza wayar littafi ya tsaya ko ya tashi, don lokacin da yake sauraro ba sifika.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Dare biyu amarya ba ta yi magana ba. Ashe wayar ce ke kashe duk manhajar da ta ga tana aiki a ɓoye, wai tattalin batir. Na shiga saitin batir na cire wa MacroDroid da manhajar littafi takunkumi, na ba su izinin tashi da kansu in an kunna waya, na kuma kulle su a jerin manhajojin da aka buɗe. Duk wanda umarninsa ya yi aiki yau ya ƙi gobe, nan zai fara dubawa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ƙanena ya aiko wa Baba agogon zamani daga Yamai, irin masu araha. Da farko na ɗauka kayan ado ne. Sai na lura Baba yana barin waya a ɗaki in zai fita fada wajen abokansa, ƙarfe 9 ta yi amarya na ta yi wa bango magana. Agogon kuwa yana riƙe lokacin tunatarwa a cikinsa, yana kuma girgiza a hannu ko wayar na nesa. Wannan kaɗai ya biya kuɗinsa. Lambar hawan jini da yake nunawa kam na ce a manta da ita. Koren hasken da ke bayansa bugun zuciya yake ƙirgawa, ba ya matse dantse kamar abin awo na asibiti, kuma da na gwada su tare ba su yi kusa da juna ba.

Matsalar maɗauri ce. Na roba ne, mako guda ya fesa masa ƙuraje a wuyan hannu, ga shi sau biyar a yini sai ya kwance don alwala, yana laluben huda da ɗan ƙarfen da ba ya gani. Na ɗauko abin awo na ɗalibai na auna tsakanin kunnuwan agogon: milimita 22. Wannan lamba ita ce kome. Yawancin agoguna 20 ne ko 22, kuma ƴar sandar ƙarfe mai sifirin ce ke riƙe maɗaurin, in ka matsa gefenta ta fita. Duk maɗaurin da faɗinsa ya yi daidai zai shiga, ba sai na kamfanin ba.

Da agogon da sandunan biyu na tafi wajen wani baduku da ya san Baba tun yana ɗalibinsa. Yana zaune a kan buzu, gabansa allon yanka da ya yi baƙi don tsufa, gefe ga tarin jar fatar akuya mai warin bagaruwa. Ya juya agogon, ya sa farce ya gwada sifirin, ya ce: “Ɗan mushe, wannan ai ɗamarar laya ce aka yi wa gilashi.” Ya fere bakin fatar da wuƙa har ta yi sirara kamar takarda, don in an naɗe ta a kan sandar kar ta yi kauri ta ƙi shiga. Na farko ya yi faɗi da kamar rabin milimita, ya ƙi zama. Bai ce uffan ba, ya sake yankan wani. A maimakon huda da ƙarfe ya sa maɓalli mai tauri irin na jakar mata, wanda ake dannawa ya ce ƙas. Na miƙa kuɗi ya ture hannuna, sai da na ce na goro ne. Da zan tafi ya ce in gaya wa mushe fata ba ta son ruwa, ba ta son gumi, in bazara ta kama a ba ta hutu.

Na ƙara da ledar kariya a kan gilashin, don Baba yana bin bango da hannu, na kuma sa a nemo mini wayar cajinsa ta biyu. Kowane irin agogo da nasa bakin caji mai maganaɗisu, in guda ta ɓata ba za ka ara a maƙwabta ba.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya juya kome. Littattafan Faransanci sun tafi hutu, Baba ya ce tafsiri yake so da karatun Alƙur'ani. Wannan ba sai intanet ba, masu tura karatu a memori a bakin kasuwa sun fi kowa tarinsa. Sai dai sunayen da suke ba fayil ɗin sun rikita jeri: waya na bin 1, ta tsallaka 10, 11, 12, sannan ta dawo 2. Baba ya ce malamin nan yana tsalle daga Baƙara zuwa Yusuf kamar fara. Na zauna dare guda na sa sifiri a gaban kowace lamba, 01, 02, 03, jeri ya miƙe.

Abin kunya kuma ya faru daren Laraba, kuma laifina ne. Baba ya tafi asham da waya a aljihun gaba. Da ya yi sujada ta zame ta bugi tabarma, ta ɗauka girgiza ce. Littafin ƙarshe da aka buɗe kuma ba tafsiri ba ne, ɗiyata ta taɓa ta da rana. Cikin sahu, liman ya yi shiru, sai ga murya na zuba Faransanci a kan raƙuma da hamada. Wani yaro a sahun baya ya kasa riƙe dariya. Baba ya dawo bai yi mini magana ba, ya ajiye wayar a gabana kamar ya kamo ɓarawo.

Umarnin girgiza ya tafi, ba zai dawo ba. A gurbinsa na sa wanda ke rufe duk wani sauti daga kiran isha har ƙarfe 9 saura kwata. Da na so in ɗaure shi da wuri, wato in ya shiga masallaci ta yi shiru, amma masallacin bai fi taku 40 daga zaurenmu ba, waya ba ta bambance su.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Zafi ya haura 40. Baduku ya yi gaskiya: jan maɗaurin ya yi duhu, ya saki, agogon na yawo a hannu har Baba bai jin girgizarsa. Na shafa masa man kaɗe na ajiye sai ranar Juma'a da buki. Na yau da kullum yanzu na zaren nailan ne mai mannewa, irin na takalman yara. Bai da kyau ko kaɗan, amma hannu ɗaya ke ɓare shi, iska na ratsa shi, in ya yi datti a wanke ya bushe kafin a gama shan shayi. Da shi ya kamata in fara, son burga ne ya kai ni wajen fata.

Wayar ma na cin wuya. Batirin lithium ba abin da ke tsufar da shi kamar zafi da zama cike a kan caji, Baba kuwa in wuta ta zo sai ya soka ta ya bar ta har gobe. Na haɗe umarnin batir ya zama mai baki biyu: ta yi magana a kashi 20, ta kuma yi magana a 85 a zare ta. Na cire mata rigar roba, na sauya mata wurin kwana zuwa kan wani ɗan benci kusa da randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Inna ta ce saura in saya mata mafici.

Asabar, 26 ga Afrilu

Tun bayan salla yake cewa kunnensa ya gaji da Faransanci, yana son Hausa. Akwai masu karanta littattafan Hausa a YouTube, wasunsu sun iya ƙwarai, amma yawanci labaran soyayya ne na zamani, ga cin forfe, ga talla a tsakiyar magana. Na gwada ba wa muryar na'ura rubutun Hausa. Muryar Faransanci ce, ta haɗiye ƙ da ɗ da ɓ, ta bi sauran da karin Faransa. Minti guda Baba ya ce a kashe, ko Bature ɗan mishan ya fi wannan.

Sai muka koma ga amarya. A cikin kwalin Baba akwai Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a Zariya a 1937, bangonsa ya tafi, an ɗinke shi da zare. Yanzu kullum bayan asuba, kafin kabu-kabu su fara kuka da awakin maƙwabta, ni da ita muna shiga ɗakin Inna, don katifa da labule da tarin kaya suna shanye amsa-kuwwa. Waya a kan matashi, tazarar ɗani guda daga bakinta, a yanayin jirgin sama don kar kira ya katse. Fanka a kashe, shi ya sa ba ma wuce minti 15. Murya guda ba ta bukatar fiye da kilobit 32, awa ɗaya mega 14 da ɗoriya. Na cikin gida ne, ba na turawa kowa, ko da yake abokan fada sun fara aike.

Abin da ban zata ba shi ne gyara. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, mai karatu ne ke sa su daga fahimtarsa. Yarinya ta tashi da karatun Faransanci a lekol, Hausa a baki take da ita, ba a takarda ba. Ta karanta gari na mutane kamar garin tuwo, ta karanta fari na rashin ruwa kamar farin zane. Baba yana sauraro da la'asar, ya danna maɓalli ya tsayar, ya aika a kira ta.

“Ke amarya, sarkin nan garin dawa ya shiga ko na gero?”

“To kai da ka iya, ai sai ka karanta da kanka, tsoho.”

“Ni na karanta nawa tun ubanki bai san hanyar lekol ba. Koma ki sake.”

Tana fita tana gunaguni, washegari ta riga ni tashi. Mun sake labari uku saboda irin wannan. Yanzu ta koyi karanta shafi a zuci tukuna, ta sa ɗigon fensir a kan kalmomin da ke da fuska biyu.

Lahadi, 11 ga Mayu

Mun kai labari 19. Jiya Baba ya tambaye ni ko abin da ke ɗaukar muryar yarinya zai ɗauki ta tsoho. Yana so ya faɗi yadda aka kai shi Tanut yana saurayi, a bayan babbar mota, da akwatin ƙarfe da fitilar ƙwai, da sunayen garuruwan da ya bi yana roƙon iyaye su ba da ƴaƴansu lekol. Mun gwada da asubar yau. Ya yi minti 40 bai sha ruwa ba, fanka a kashe, rigarsa sharkaf, kuma rabin maganar ya yi ta ne yana fuskantar ƙofa, sai na ƙara sautin daga baya.

Umarni biyar sun cika, ga shi ina bukatar na shida: maɓalli guda da zai fara ɗauka ba sai ina nan ba. Ko dai in biya kuɗin cikakkiyar manhajar, ko in sadaukar da mai faɗin sunan mai kira, tunda mutum huɗu ne ke kiransa kuma duk ya san lokacinsu. Zan kuma nemo ƙaramin makirfo mai maƙalewa a wuyan riga ranar Alhamis, da memori ta biyu da zan riƙa kwafe nasa a ciki, in ajiye a gidan ƙanwata a Sabon Gari kafin damina ta sauka.